Tagar da Na Buɗe Miki a Tudun Raɓa

Kpakungu, Minna

Zuwa ga Hannah, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar zafin Minna, inuwar da nake fakewa tun ina saurayi mai cikakkiyar suma har yau da sanƙo ya cinye rabin kaina. Hannah 'yar Baba Yona, gajeruwata mai dogon tunani, mai murmushin da ke sa in nemi guduma alhali tana hannuna!

Kin ga na kira sunanki har sau biyu ban sunkuyar da kai ba? Shekara talatin ke nan ina ce miki Maman Wisdom, a gida da coci da kasuwa, har na kusa manta daɗin sunan a bakina. To, a takarda babu surukai, babu yara masu kasa kunne, don haka yau sai na more shi. Hannah! Hannah tawa! Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya Zungeru? Yaya 'yarmu Faith da ruwan zafi? Yaya kuma sabuwar amaryata, wadda aka ce ta kwaso hancina ba ta tausaya wa kanta ba? Kwana ashirin da shida ke nan da kika tafi wankan jego, gidan nan ya koma kamar shagon da aka kwashe wa katako. Kajinki ma sun daina ganin girmana.

Na san abin da za ki fara cewa: mutumin da ke kiranki a waya safe da yamma, me ya kai shi ga biro da takarda? Dalili ɗaya ne. A waya, kafin in kai rabin zance kin ce "a'a, Baban Wisdom," sai in haɗiye sauran. Takarda kuwa ba a katse ta. Ko kin ninke ta kin tura ƙarƙashin filo don haushi, na san halinki, kafin ruwan wankan Faith ya tafasa za ki zaro ta ki ƙarasa.

Bari in fara da laifina. Aikin rufin nan da na ce miki na samu a Suleja, babu shi. Ban hau rufin kowa a Suleja ba. Babur na hau, na tafi dutsen garinku, kwana tara cur, ina neman inda zan sauke ki. Ki yafe mini, ita ce babbar ƙarya ta farko da na yi miki tun aurenmu. Kin ji muryata tana rawa a waya har kika tambaye ni ko mura nake yi. Ba mura ba ce, masoyiyata, sanyin garinku ne.

Kin tuna ranar da na fara ɗaukar ki a keke daga Garatu zuwa Minna? Lokacin Gidan Kwano gonaki ne zalla, babu jami'a, babu ɗalibai balle motocinsu. Ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, kin riƙe gefen rigata da yatsa biyu kamar mai riƙe da kayan wani. Da muka doshi gari na nuna miki duwatsunmu ina hura hanci, sai kika fashe da dariya har keken ya yi tangal-tangal. Kika ce waɗannan ai kunyoyin doya ne da aka manta ba a shuka ba. Kika ce ke a kan dutse na gaskiya aka haife ki, a wani tsohon barikin masu haƙar kuza da ake kira Tudun Raɓa, can saman Filato, inda gajimare ke shigowa ɗaki da safe ya jiƙa wa mutum gashin ido. Kika ce kina shekara tara mahaifiyarki Martha ta rasu, aka canja wa Baba tashar jirgin da yake aiki, ya sauko da ke Minna, ba ki sake komawa ba. Daga nan kika saki yatsa biyun, kika riƙe ni da hannu gaba ɗaya. Wayyo wannan riƙo! Har yau in na tuna shi sai in ji ɗuminsa a haƙarƙarina. A ranar na ce a raina, ko a goye ne sai na mayar da yarinyar nan ta ga dutsenta, kuma na faɗa miki da bakina kafin mu shigo gari.

Shekara talatin da ɗaya alkawarin nan yana rataye a wuyana. Da fari babu hali, sai yara, sai makaranta, sai jinyar Baba. Da hali ya samu na sayi babur mai ƙarfi, sai kuma ke kika ƙi. Sau uku ina tayar da zancen, sau uku kina kashe shi da magana ɗaya, wai ba ki da ƙofar da za ki ƙwanƙwasa a can. Kika ce ba za ki shiga otel da furfurarki ba matan zumunta na coci su ji labari. Kika ce ko da babu mai ji, ba za ki je garin da aka binne cibiyarki ki biya baƙo kuɗin gado ba, gara ki riƙe dutsen a ranki yadda kika bar shi. Amma ai ni nake zaune da ke. Ni nake ganin yadda kike tsayawa a bakin ƙofa duk sanda hadari ya sauko kan duwatsun Bosso, tsintsiya a hannu, ba kya shara. Wane irin miji ne zai ga haka ya juya ya ci gaba da yankan katako?

Sai na ce tunda masauki ne ya hana, bari in je in nemo masauki. Na ɗora wa kaina sharaɗi uku: ya zama wurin da za ki iya ambata a gaban matan zumunta ba ki rufe fuska ba, ya zama wanda aljihun kafinta zai iya ɗauka, sannan tagarsa ta kalli dutse. Na ɗaure jakar aikina a kariyar babur, tef ɗin awo da guduma da ƙaramin zarto. Na biya gonarmu ta Garatu na haƙo sabuwar doya, irin manyan nan da kike hana ni taɓawa, na cika buhu, domin Gwari ba ya shiga gidan mutane hannu rabbana. Na sa hular kwano, na yi addu'a, na kama hanyar Paiko da sassafe.

Zango na farko bai ba ni wahala ba. Kin tuna Rilwanu, abokina mai sayar da katako, wanda ya tashi daga Minna ya koma Bwari? Ina tsayawa a ƙofar shagonsa ya rungume ni da ni da ƙurar hanyata. Da na gaya masa abin da ya fito da ni, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tsufa ya zo mini da sabon salo, sannan ya share ido da bakin hularsa yana cewa garin katako ne ya faɗa masa a ido. Matarsa Hajiya Azumi ta buɗe mini ɗakin baƙinsu, ta ce tun yanzu naki ne, kuma in na kuskura na yi zancen kuɗi ta daina gaishe ni. Ɗaki ne fes, bayansa duwatsu baƙaƙe sun yi sahu kamar shanu a makwanta. Na bar musu doya uku, na wuce.

A zango na biyu ne na fara zama abin kallo. Na ratsa Jere da Kwoi da Kafanchan, na isa Kagoro rana tana tsaka, ga dutse ya tokare sama, kore shar, ya yi wa garin rumfa. Na ce yauwa, daga nan aka fara maganar Hannah! Na shiga neman ɗaki. Amma kin san abin da magina ba su sani ba? Ba su san ke ba. Duk tagoginsu don dogayen mutane aka yi su. Ni kuwa na san idonki yana daidai maɓalli na biyu na rigata, tun ranar aurenmu na san haka, kuma kafin in bar gida na auna daga ƙasa zuwa maɓallin na rubuta a tafin hannuna. Duk ɗakin da aka buɗe mini, ba na duba gado, ba na duba bayi, sai in zaro tef in auna taga, in rusuna daidai tsayinki in leƙa. Me amfanin in kawo ki tun daga Minna ki zo ki kalli bango, ni ina ba ki labarin dutse daga sama?

A masauki na farko mai wurin ya ɗauka daga gwamnati aka turo ni in shafa jan fenti a rushe ginin. Ya hau kirana ranka ya daɗe, ya aiko mini da lemo mai sanyi, na sha na gode, na ce tagarsa ta yi tsawo. A na biyu suka ɗauka ɓarawo ne ke auna ƙarafen taga don ya dawo, sai da na nuna musu hotonki a waya kafin suka sakar mini mabuɗin babur. Na uku ya yi kyau ƙwarai, har da furanni a ƙofa, amma da suka faɗi kuɗin kwana ɗaya sai da na dafa bango, na yi musu sai an jima. Can da la'asar wata mai gasa masara ta nuna mini gidan baƙi na wata majami'a a gindin dutsen. Hannah, ɗaki ne ɗan ƙarami, farin zanen gado, kujera ɗaya, ƙamshin sabulu, kuɗinsa kuma na masu tsoron Allah. Na rusuna na leƙa, sai ga dutsen gaba ɗaya ya cika tagar, da 'yan farin ruwa suna gangarowa a jikinsa. Wannan kam ko shugabar zumunta ce ta kwana a ciki sai dai ta dawo ta ba da shaida.

Kashegari na hau Hawan Kibo. Kai, hawa ke nan! Babur yana gurnani a giya ta ɗaya, doya tana ja na baya, manyan motoci suna nishi a gefena, hanya tana murɗawa tana sake murɗawa. Ina cikin haka sai na ji iska ta canja. Wata iska ce mai sanyi mai tsabta ta shiga hannun rigata ta fito ta wuya, irin wadda ban taɓa shaƙa ba tunda aka haife ni. Na tsaya a gefen hanya na waiwaya, duniya duk tana ƙasa, kore da shuɗi har inda ido ya gaji. Na cire hular kwano na kira sunanki da ƙarfi, wani direban tirela ya yi mini hon. A nan na gane ba raini kika yi wa duwatsunmu ba a ranar keke, gaskiya kika faɗa.

Yanzu ga wautar da za ki yi shekara kina yi mini dariya a kanta, kuma na yarda, ki yi. Da na hau saman na sami wani ɗan masauki a bakin hanya. Ni mutumin Minna, me na sani game da ɗaki in ba fanka ba? Na ce da matar da ke kula da wurin lallai sai mai fanka. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Baba, daga ina?" Na ce daga Minna. Ta ce, "Ayya, sannu." Ta miƙo mini bargo biyu, na ce ta riƙe abinta, ni da ko zane ba na rufa da shi. Na kunna fankata na kwanta ina jin kaina mai wayo. Da gari ya waye, da kin ga mijinki! Na juye doyar a ƙasa na shige cikin buhun har ƙirji, labulen taga a wuyana, hular kwano a kaina, haƙora suna kaɗawa. Matar ta kawo mini ruwan zafi ta fita, amma ina jin ta a bayan ɗaki tana ba maƙwabciyarta labari har da tafi. A ranar na sayi rigar sanyi biyu a kasuwa, taki ja ce, ta fi tawa kauri.

Tudun Raɓa bai da nisa daga nan, sai dai hanyar ta jar ƙasa ce, tana bi ta tsakanin shingayen ƙerana da gonakin dankalin turawa. Na bi ta na shiga. Garin ya ƙanƙance, masoyiyata, ba zan ɓoye miki ba. Barikin ya rushe, sai 'yan gidaje da majami'a da itatuwan turare dogaye. Otel kuwa babu ko ɗaya, na ce madalla, an rage mini gardama. Na bi dattawan da ke shan hantsi ina tambayar wanda ya san Yona ma'aikacin jirgi. Wannan ya girgiza kai, wancan ya ce ma'aikatan jirgi ai da yawa sun zo sun wuce. Har rana ta take ban sami mutum ɗaya ba. Na zauna a kan babur ina tunanin ashe ke ce mai gaskiya, babu ƙofa.

Kuskurena shi ne maza nake tambaya, kuma sunan namiji nake kira. Wata mata da ta wuce da itace ta ji ni, ta ce in na san sunan matarsa in faɗa, domin mata ba sa manta wadda suka yi niƙa tare. Na ce Martha. Ta ajiye itacen, ta ce in biyo ta. Ta kai ni wani gida a can ƙarshen gari, inda ƙasa ta ƙare kwari ya fara. Wata tsohuwa tana zaune a tabarma tana zaɓen irin dankali da yatsu, an ce da ita Mama Magdalina. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni mijin Hannah ne 'yar Martha. Hannunta ya tsaya cak a cikin kwando. Ta ce, "Wace Hannah? Mai tabo a girar hagu?"

Hannah! Tabon nan da nake shafawa shekara talatin da ɗaya! Tabon da kika ce mini matakalar jirgi ce ta ji miki! Ashe ɗan akuyar Mama Magdalina kika bi kan dutse za ki hau shi kamar doki, ya watsar da ke. Ita ta ɗauko ki, ita ta wanke jinin, ita ta ɓoye wa mahaifiyarki gaskiya don kada a haɗa miki da bulala. Yanzu wa ya fi wani ƙarya tsakanina da ke? Tana ba ni labarin tana dariya, hawaye yana bin kumatunta, ni ma ban san sanda nawa ya zubo ba. Ta ce ita da Martha dutsen niƙa ɗaya suka yi amfani da shi shekara goma. Ta ce ranar da Baba ya tafi da ke kina tari, jikinki zafi rau, kuma ba wanda ya taɓa aiko da labari, don haka ba ta san ko kin rayu ba. Na zaro waya na nuna mata ke, da Wisdom, da Faith, da jaririya. Ta kai wayar dab da fuskarta ta daɗe tana kallo, sannan ta sa aka dama mini gwaten acca.

Da na ci na ƙoshi na gaya mata abin da nake nema. Ta ce tana da ɗaki amma ba na baƙi ba ne, na ajiyar iri ne. Aka buɗe mini. Duhu, ƙamshin dankali, buhuna har rufi. A bangon gabas na hango wani tsohon kwano da aka kafe da ƙusoshi. Na tambaya, ta ce taga ce, tun rasuwar mijinta ta sa aka toshe saboda iska, ai babu komai a wajen sai dutse. Babu komai sai dutse! Kin ji mutanen garinku? Sun gaji da abin da ni na yi kwana uku a kan babur ina nema. Na roƙi izini, na zaro guduma, na cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, kwanon ya faɗi.

Da wane baki zan faɗa miki abin da na gani, ya sanyin raina? Kwari ne ya buɗe a ƙarƙashina, kore kamar an shimfiɗa sabon zane. A tsakiyarsa tsohon tafkin kuza ya kwanta shuɗi, ko motsi ba ya yi. Bayansa duwatsu sun hau kan juna, babba a kan ƙarami, kai ka ce yanzu za su faɗo, ga shi kuwa tun kafin kakanninmu suke haka. Bayansu wasu duwatsun, bayan waɗancan wasu, har suka narke cikin sama. Na zaro tef na auna. Hannah, ba sai kin yi ɗage ba. Ba ma sai kin tsaya ba. Kina zaune a bakin gado za ki ga komai! Da safe kuma na bar wurin a buɗe don in gwada maganarki, sai ga gajimare fari tas ya taso daga kwarin, ya shigo ɗakin a hankali ba sallama, ya taɓa mini fuska. Na shafa gashin idona na ji shi a jiƙe. Na tsaya ni kaɗai ina dariya kamar wanda ya zare, ina cewa gaskiya ta faɗa, wallahi yarinyar nan gaskiya ta faɗa!

Kwana uku na yi ina aiki. Na kwashe buhunan na yi musu rumfa a wani ɗakin. Na je kasuwar da ke kusa na sayo katako da gilashi, na yi wa tagar marfi biyu, na ciki gilashi don ki ga dutse ko ana iska, na waje katako mai sakata don sanyin asuba. Na gyara ƙafar gadon, na toshe inda rufi ke yoyo, na shafe bango da farar ƙasa. A duk tagogin da na yi a rayuwata, na masu kuɗi da na makarantu da na majami'u, babu wadda na goge da irin wannan haƙuri. Ina gogewa ina hango ki zaune da jar rigar sanyinki, kofin shayi a hannu, kina yi mini gori kina nuna mini inda ɗan akuya ya kayar da ke.

Ranar da zan taho na sake yin wauta. Na durƙusa na tambayi Mama Magdalina nawa za mu riƙa bayarwa na kwana. Ba ki ga yadda ta ɓata rai ba! Ta ce in maimaita in ta ji da kyau. Ta ce a ɗakin nan kika kwana da 'ya'yanta tun daga ranar da aka binne Martha har ranar da kuka tafi, yaushe aka fara karɓar kuɗin gado a hannun 'yar gida? Na ba ta haƙuri har goshina ya kusa taɓa ƙasa. Na jawo buhun doya na ajiye a gabanta. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan kam za ta karɓa, domin gaisuwar suruki ce, kuma ta makara da shekara talatin da ɗaya.

To, ga ni na dawo Minna lafiya, na yi baƙi, na rame, ina cike da murna kamar yaron da aka ɗinka wa kayan Kirsimeti. Na ƙara wa kujerar babur soso, na canja taya da birki, na sayo hular kwano daidai kanki. Ba za mu yi gudu ba, ba za mu yi tafiyar yamma ba, duk inda la'asar ta same mu muna cikin gida. Kwana ɗaya wurin Rilwanu, kwana ɗaya a Kagoro, rana ta uku kina shan gwate a garinku. In bayanki ya gaji mu tsaya, in kin ga wurin da ya yi miki kyau ki taɓa kafaɗata mu tsaya. Damina tana ƙarewa, ciyawa tana nan kore, kuma aikin Kirsimeti bai fara danne ni ba. Ranar da Faith ta yi arba'in zan zo Zungeru in ɗauke ki, ki huta kwana biyu a gida, mu kama hanya.

Kada ki ce a'a, Hannah. Na roƙe ki da girman zaman da muka yi, da yaran da muka raina, da duk tuwon da kika tuƙa mini ina dawowa da garin katako a ka. Kin ba ni gida shekara talatin da ɗaya, ki bar ni in kai ki naki ko na mako ɗaya ne. Ban sani ba ko za ki yi kuka in kin gani, ko dariya, ko duka biyun. Ko wanne ne ina so a yi shi ina kusa. In kuma kin karanta duk wannan kika ce har yanzu zuciyarki ba za ta iya ba, ba zan yi fushi ba, ba zan ƙaunace ki ƙasa da yadda nake yi ba ko da ƙwayar acca ɗaya. Sai dai akwai saƙon da aka ɗora mini, kuma ba ni da ikon riƙe shi.

Da na tayar da babur zan tafi, Mama Magdalina ta dogara sanda ta biyo ni har bakin shinge. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, ka gaya wa 'yata kada ta yi nawa. Idona na dama ya riga ya tafi. Na hagun nan ita yake jira."

Na isar da saƙo, sauran yana hannunki. Ni dai naki ne, a kan tudu da cikin kwari, a zafi da sanyi, yau da gobe, har ranar da Ubangiji zai ce in ajiye guduma. Ban taɓa son wata ba kafin ke, ba kuma zan fara ba bayan ke.

Mijinki mai ƙaunarki har ƙarshen numfashi,
Irimiya